Yadda Tabawa Ta Ɗauke wa Kaza Yajin Barkono

Dalilin da ya sa kaza ke cin barkono ko a jikinta, mu kuwa muna ci muna hawaye, ba shi ne abin da wani ya gaya muku ba. Wai kaza ba ta da harshe! Ƙarya yake yi, ko figar kaza bai taɓa yi ba. Ku matso, yara, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya.

A da can, mutum kan tauna barkono kamar gyaɗa. Kaza ce ke shan wuya: ta tsinci ƙwaya ɗaya, sai ta wuni tana haki. Mata su baza shanyar barkono a tsakar gida su tafi unguwa, babu kazar da za ta raɓe ta.

To, akwai wata mai sayar da dakakken yaji, sunanta Tabawa. Ciwon nan mai sa kaji gyangyaɗi ya shiga akurkinta. Kowace safiya sai ta zura hannu ta jawo mushe ta kai bola, har ta daina salati, jawowa kawai take yi. Daga ƙarshe saura wata kaza wake-wake, irin kajin da ta taho da su daga gidan uwarta. In wannan ta tafi, iri ya ƙare.

Ran nan ita ma ta sauke fiffike. Tabawa ta daka barkono da tafarnuwa da citta, ta jiƙa da ɓawon maɗaci a kasko, ta tura mata.

Kaza ta leƙa, ta kau da kai. "Inna, bar ni in mutu da bakina lafiya."

"Sha, don Allah. Na gaji da zuwa bola."

"Ke ba ki san yaji ba. Wuta ce fa."

Tabawa ta zauna daɓas a ƙasa. Bayanta na ciwo, ko tukunya ba ta ɗora ba, ga kaza na yi mata ciniki.

"Sha," in ji ta. "Yajin na ɗauke miki."

Kaza ta buɗe ido ɗaya. "Ni kaɗai, ko har 'ya'yana?"

"Har su."

"Jikoki fa? Ke ma da naki jikokin za ku ɗauka?"

Da mai hutu ce, da ta tsaya ta yi tunani. Amma Tabawa so take a gama ta miƙe ƙafa.

"Da su duka! Sha mana, 'yar nema!"

Kaza ta tsoma baki, ta ji kamar ruwan randa. Ta shanye tas. Kafin la'asar ta miƙe tana tonon ƙasa.

Tabawa ta koma gindin turmi ta ƙarasa dakan sayarwa. Taɓarya na sauka, atishawa ta kama ta, idanu suka kawo ruwa. Da ta kai wa mijinta Tanko tuwo, loma ɗaya ya yi ya zabura.

"Ke, Tabawa! Garwashi kika zuba a miyar nan?"

"Barkonon kullum ne, Malam. Na ɗauke wa kaza yaji ne."

"Kin ɗauke wa wa? Da shawarar wa?"

Ta miƙa masa ruwa.

Washegari ta fito ta tarar da wake-wake a tsakiyar shanya, tana tsattsagar barkono hankali kwance.

"Haba, 'yar nan! Har abin sayarwata?"

"Magani ne, Inna," in ji kaza, baki cike. "Ke kika koya mini."

Tabawa ta ɗauko kara ta zauna gadi. Daga ranar ba ta sake barin shanya ta fita unguwa ba. Iri dai bai ƙare ba, akurki ya cika har ya yi kaɗan.

Shi ya sa har yau iyayenku ke zuba wa kaji barkono da tafarnuwa a ruwa, su shanye su kaɗa fiffike, mai dakan kuwa na gefe tana fyace hanci. Wanda ya ce ba haka aka yi ba, ga barkono can a faifai. Ya jefa wa kaza ɗaya, ya tauna ɗaya, mu ga wanda zai fara neman randa.