Manomin da Ya Hau Suri Yana Jiran Agogo

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙarfin hannu, wanda rumbunsa bai taɓa ƙarewa kafin kaka ba. Yana da 'ya guda mai aiki a birni, sunanta Keziya, saboda haka kowa Baban Keziya yake ce masa.

Wata shekara, damina ta fara sauka, sai Keziya ta gaya masa ta saya masa agogo. Ba irin wanda ya sani ba ne. Wannan yana ƙirga takun mutum, yana jin bugun zuciyarsa, yana kuma faɗa masa ko gobe za a yi ruwa. Sai dai ba a fito da shi kasuwa ba tukuna. Ta biya tun masu ƙera shi ba su gama ba, aka sa sunan ubanta a layi. Ranar da aka fito da shi za a ɗauko nasa a kawo masa har ƙauye, mai kawowa kuma zai kira shi a waya idan ya yi kusa.

Manomin ya ji daɗi ƙwarai. A ranar ya kwance tsohon agogonsa ya ba ƙaninsa kyauta. Inda maɗauri ya zauna shekara ashirin ya fito fari a wuyan hannunsa, shi kuwa ya riƙa nuna wa mutane wurin idan an tashi daga sujada.

Yakan ce, "Nan zai zauna."

Su ce, "To yanzu ƙarfe nawa, Baban Keziya?"

Ya ce, "Ku bari ya iso."

A ƙauyen nan waya ba ta kamawa a cikin gida. Wuri ɗaya take kamawa, kan wani tsohon suri a bakin hanyar mota, tafiyar rabin sa'a daga gari. Duk mai son magana da na birni sai ya je ya hau surin, ya ɗaga wayar sama, ya tsaya cik.

Mutanen ƙauyen kuwa gayya suke yi. Gida takwas ne, kowane gida da ranarsa. Idan dawa ta ɗan tasa, ciyawa ta taso mata, sai su taru duka a gonar mutum ɗaya su nome ta a yini guda, mai gona ya ciyar da su. Bayan kwana biyu a koma gonar na gaba. Ba a rubuta sunan kowa, ba a yi wa kowa faɗa. Doka ɗaya ce tun zamanin kakanni: irin aikin da ka yi a gonar wani, irinsa zai yi a taka. A shekarar nan ranar Baban Keziya ce ta ƙarshe.

Ranar da aka ce za a fito da agogon ta zo daidai da gayyar farko. Da sassafe manomin ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya ɗauki waya.

Matarsa ta ce, "Baban Keziya, yau gonar Gidiyon ce fa."

Ya ce, "Na sani."

"To ina fartanyarka?"

"Idan mai kawowa ya kira bai same ni ba fa? A mayar da shi birni a ba wani? In sun tambaya ki ce ina nan tafe."

Ya je ya hau surin ya zauna. Daga nesa yana jin gangar gayya, yana jin ihun maza, bai motsa ba. Da rana ta yi la'asar wayar ta yi ƙara, har ya kusa faɗowa wurin ɗauka. Keziya ce. Ta ce an fito da agogon, amma masu so sun yi yawa, nasa sai mako mai zuwa.

Ta ce, "Baba, ba sai ka zauna a nan ba. Ka ci gaba da aikinka. Na yi musu kwatancen gida, za su neme ka."

Ya ce, "Ke yarinya ce. Ba ki san mutanen mota ba."

Ya yi tunani a ransa: sun ce mako mai zuwa, amma mai mota ba shi da tabbas, yana iya sammako ya zo gobe. Saboda haka kashegari ma ya hau. Rana ta uku ya je da tabarma. Ta huɗu ya ƙara da laima da gorar ruwa. Duk babur ɗin da ya gani da kwali a baya sai ya ɗaga hannu ya tare shi. Ɗaya burodi ya ɗauko. Ɗaya 'yan tsaki. Ɗaya maganin shanu, shi wannan har zagi ya yi. Direbobi suka saba da shi, suna yi masa ham idan sun zo wucewa. Mata masu zuwa kasuwa suna rusunawa suna cewa, "Sannu da aiki, Baba," su wuce suna toshe baki. Gara ta cinye rabin tabarmar daga ƙasa, ta fara taɓa wandonsa, bai sani ba sai da ya miƙe.

Aka yi gayya ta biyu, aka yi ta uku, aka yi ta huɗu, ba a ga fartanyarsa ba.

Wata yamma Gidiyon ya biyo ta hanyar, ƙafarsa duk laka. Gidiyon tsohon soja ne, yana ɗan jin Turanci, kuma ba ya iya riƙe magana a ciki. Ya tsaya a gindin surin ya ɗaga kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin gara. An naɗa ka ba mu ji ba?"

Manomin ya ce, "Saƙo nake jira."

"Ka leƙa gonarka kuwa? Jiya na bi ta wurin. Na nemi dawar, ciyawa ta ce ba ta san ta ba."

"Ai ranata na zuwa. Yini ɗaya za ku gama da ita."

Gidiyon ya dube shi. Ya ce, "Haka ne. Ranarka na zuwa." Ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Mako ya cika. Keziya ta ce agogon ya bar wurin ajiya. Bayan kwana uku ta ce yana hanya. Bayan wasu kwana biyu ma ta ce yana hanya. Manomin ya ce wace irin hanya ce wannan, ko jaki aka ɗora wa da ya iso. Amma bai sauko ba. Ya ce tunda ya riga ya zauna kwana goma sha biyu, wauta ce ya tashi a na sha uku.

Ranar gayya ta bakwai aka kwana ana ruwa, rafi ya cika ya hau kan gada, ba motar da ta bi ta bakin surin. Mai kawo saƙo ya zagaya da babur ɗinsa ta hanyar gonaki. Ya iske maza bakwai sunkuye suna noma, ya tambaye su gidan Baban Keziya, suka nuna masa da bakin fartanya. Ya je ya yi sallama, ya miƙa wa matar gida ɗan kwali, ta dangwala masa yatsa a takarda, ya sha ruwa ya tafi. Bai kira kowa ba, gama a wurin waya ba ta kamawa.

Da rana ta kusa faɗuwa manomin ya dawo a jiƙe, yana atishawa. Matar ta zuba masa tuwo. Ta bari ya ci, ya wanke hannu, ya gama ba ta labarin rashin kirkin mutanen mota. Sa'an nan ta ce, "Af. Wani ya kawo maka ɗan kwali tun da hantsi. Yana kan randa."

Kashegari ya sāke hawa surin, Keziya ta bi da shi ta waya, danna nan, danna can, har fuskar agogon ta kawo haske. Ya ɗaura shi daidai kan farin wurin nan. Ya dawo gida yana tafiya da hannun hagu a gaba, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ranarsa ta zo. Ya yanka akuya, matarsa ta dama kunu tulu biyu, ta tuƙa tuwo. Ya riga kowa zuwa gona, ya naɗe hannun riga don a gani. Ciyawa ta kai masa gwiwa, dawar a ƙarƙashinta ta yi ja ta tsumbure. Ya ce ba komai, maza bakwai suna tafe.

Suka kuwa zo, su bakwai, ba wanda ya makara. Sai dai ba mai fartanya ko ɗaya a cikinsu. Kowa da tabarmarsa a hammata, da laima, da waya. Suka gaishe shi da kyau, suka tambayi iyali. Suka shimfiɗa tabarmi a bakin gona, suka zauna a jere, suka buɗe laima, kowa ya ɗaga wayarsa sama. Makaɗin ma ya kife gangarsa ya zauna a kai.

Manomin ya ce, "Mene ne haka?"

Gidiyon ya ce, "Saƙo muke jira."

"Wane saƙo? A nan ai waya ba ta kamawa!"

"Mu dai muna jira. Zauna mana, ga wuri."

Manomin ya ɗauka wasa ne, za su yi su gama su aika gida a kawo fartanyu. Ya zauna tare da su yana dariyar dole. Ya nuna musu agogon, suka yaba ƙwarai. Ɗaya ya ce a auna masa zuciya, aka auna. Wani ya tambaya ko gobe za a yi ruwa, Gidiyon ya duba ya ce za a yi. Suka ce madalla, ciyawa za ta ji daɗi. Aka kawo kunu suka sha. Rana tana ta hawa.

Can sai agogon ya yi zir a hannun manomin. Ya zabura, ya ga rubutu ya fito. Ya miƙa wa Gidiyon hannu ya ce, "Me ya ce?"

Gidiyon ya kawo ido kusa, ya karanta a hankali, ya sāke karantawa. Ya ce, "Ya ce ka daɗe a zaune. Wai ka tashi ka motsa jiki."

Maza suka fashe da dariya har laima tana faɗuwa daga hannunsu. Makaɗi ya gangaro daga kan gangarsa. Manomin ya janye hannunsa. Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa, ya shiga cikin ciyawa shi kaɗai. Su kuwa suka zauna har azahar, suka cinye tuwon da akuyar, suka yi godiya, suka naɗe tabarminsu suka tafi.

Kwana tara yana noman nan shi ɗaya, bai ci rabin gonar ba, sauran kuwa ciyawa ta riga ta shaƙe ta. Kowace yamma agogon yakan yi zir ya nuna masa tauraro, wai ya yi ƙoƙari. Da kaka ta yi, kowa ya cika rumbunsa. Nasa, idan matarsa za ta ɗebo dawa sai ta shiga ciki gaba ɗaya.

Ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne.

Abin da aka yi alkawari shi ne zuwan Ubangijinmu. An riga an biya, ba mu muka biya ba, sunanmu kuma yana rubuce. Zai zo. Ranar ce ba a gaya mana ba. Manomin bai yi laifi da ya gaskata ba, gama abin ya zo ɗin. Bai yi laifi da ya yi marmari ba. Laifinsa shi ne ya mai da jira sana'a. Wadda ta saya masa abin da bakinta ta ce ya ci gaba da aikinsa, ya ga ya fi ta sani.

Surin nan shi ne duk inda mutum ya hau ya zauna don kada a ba shi aiki, yana kiran zamansa bangaskiya. Akwai irinsu a cikinmu. Sun san kowace alama ta ƙarshen zamani. Girgizar ƙasa a wata duniya ba ta wuce su. Amma maƙwabci ya yi wata guda a kwance, ba su sani ba. Idan aka ce a fito aikin ikilisiya, sai su ce duniya ta kusa tashi. Idan aka zuba abinci kuwa, duniya takan ɗan dakata.

Ku lura da su wa mai kawo saƙo ya iske. Masu noma ya iske, da mace a bakin murhu. Wanda ya hau sama yana leƙen hanya shi ne bai gan shi ba. Ubangiji ya san gidan kowa, ba ya bukatar a tare shi a bakin titi. In ya zo, gara ya same ka da laka a ƙafa a gonar ɗan'uwanka.

Su kuma maza bakwai ɗin, kada wani ya fita nan ya ce an koya masa ramuwa. Dokar ƙauyensu suka bi, amma da sun tashi bayan dariyar sun kama masa, da sun fi kyautawa. Allah bai yi mana yadda muka yi masa ba, in ba haka ba da duk rumbunanmu wofi ne.

Ɗakin gwauruwar da ke bayan majami'a yana yoyo tun farkon damina, kowa a nan ya sani. Ranar Laraba da safe za a je a gyara. Wanda ke jiran Ubangiji ya zo ya jira shi a can, ya taho da igiya.