Hayaƙin Inna Tabawa

An ce wai a wani tsohon birni mai ganuwa akwai wani lungu da ake kira Lungun Masaƙa, gidajen ƙasa goma sha biyu, kowanne ya jingina da na kusa da shi. A gidan ƙarshe wata tsohuwa take zaune, Inna Tabawa mai ƙosai. Nan aka kawo ta amarya, nan ta haihu, nan aka fitar da gawar mijinta. A zamanin da lungun yake lungu ba ta san kuɗin ashana ba, domin kullum da safe aminiyarta Ladingo ce ke miƙo mata garwashi a kasko ta kan katanga, haɗe da labarin unguwa.

Ana nan sai baƙi suka fara zuwa kallon tsofaffin gine-gine suna ɗaukar hoto. Wani attajiri, Alhaji Namadi, ya hango riba. Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya saye, masu su suka koma sabuwar unguwa can bayan ganuwa, har da Ladingo. Ya shafe ɗakuna da farar ƙasa, ya rushe murhu, ya mai da su masaukin baƙi. Har turmi ya ajiye, ya ɗauki mata biyu su riƙa daka idan baƙi sun shigo, turmin kuwa ko ƙwayar gero babu a ciki.

Inna Tabawa kaɗai ta ƙi sayarwa. Shekara uku yana lallashi tana cewa a'a. Da ya gaji sai ya kai ta gaban alƙali, Malam Haladu.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shari'a ta hana maƙwabci ya cutar da maƙwabci. Hayaƙin tsohuwar nan yana sa baƙina tari, yana ɓata mini bango. A tilasta ta sayar mini, ni zan gina mata gidan siminti a bayan gari."

Inna ta san maganar hayaƙin gaskiya ce. Ta ce, "Malam, ban musa ba. Amma ranar da aka kawo ni, uwar mijina ta nuna mini rufin ɗaki ta ce kada in yarda wuta ta mutu a gidan nan. Ban tambaye ta dalili ba, bi kawai nake yi. Idan aka fitar da ni, ban san inda zan sa kaina ba."

Alƙali ya ɗauki sandarsa ya ce a je a gani.

Suka fara da masaukin Alhaji. Ɗaki fes, fari ƙal, sai ƙamshin turare. Malam Haladu ya ɗaga sanda ya zunguri rufin. Sai ga gari yana zubowa, har ya rufe hular Alhaji. Gara ta cinye kara da zanar da aka shimfiɗa kan azara, ɓawo kawai ta bari. Haka ya bi gida goma sha ɗaya, kowanne labarin ɗaya ne.

Suka shiga ɗakin Inna. Rufin baƙi ƙirin, har kunya ta kama ta. Alƙali ya zungura, ya sake zungura da ƙarfi, ko ƙura ba ta faɗo ba.

Ya juya ya ce, "Alhaji, abin da ka kawo ƙararsa shi ne yake riƙe da ginin nan. Gara ba ta zama inda hayaƙi yake bi kullum. Ka sayi bango, ka sallami masu hura wuta, ka bar wa gara gadi. Gidajen nan jingine suke da juna, idan naka suka faɗi da damina, a kan tsohuwar nan za su faɗo. Ashe kai ne mai cutarwar. Hukuncina shi ne, Inna tana nan a ɗakinta. Kai kuma kafin ruwan farko, kowane gida a gyara rufinsa, a mayar da murhu, a sa iyalin da za su riƙa girki a kai. Baƙinka su sauka a ɗakunan waje."

Alhaji ya kakkaɓe hularsa. Haka ya riƙa zarya bayan ganuwa yana roƙon mutanen da ya sallama. Gida shida suka dawo. Sauran wasu sun saba da can, wasu kuwa ƙasa ta rufe musu ido, cikinsu har da Ladingo.

Wata safiya Inna Tabawa ta ji ƙarar taɓarya ta bayan katanga, dakan gaske mai nauyin gero. Daɗi ya kama ta, ta manta, ta ɗaga murya ta ce, "Ladingo, miƙo mini wuta!"

Can wani hannu ya ɗago kasko ta kan katanga, wata murya ta ce, "Inna, ni ce, jikarta." Inna ta karɓa, ta tsuguna tana hura garwashin, hawaye na zuba, ta ce hayaƙi ne.

Shi ya sa masu hankali suke cewa, kowa ya sayi tsohuwar unguwa ya kori mutanenta, kango ya saya, ko da ya shafe shi da farar ƙasa.