Ramar da Kakanku Ya Nema

Ke da bakinki kamar reza, wa ya aike ki tambayar abin da ya hana gwaggonku cin rama? Tunda kin tono, ku zauna ku ji, kada wanda ya katse ni.

Gwaggonku tun tana yarinya ba ta da haƙurin koyon sunan abu. In na zube alayyahu da zogale da yakuwa a tire na ce ta faɗi sunan kowanne, sai ta taɓe baki ta ce, "Inna, duk ganye ne." Ni ban yi boko ba, amma na san ganye sunan gida ne, kowane ɗan gida kuma da nasa sunan.

Da ciwon kakanku ya tsananta muna asibiti, bakinsa ya mutu, ba ya jin ɗanɗanon komai sai tsami. Wata safiya ya buɗe ido ya ce, "Da zan samu rama, da na ci."

Ba halin in bar gefen gadonsa, sai na aike ta. Na ce, "Rama fa."

Ta ce, "Na ji, Inna," idonta na kan waya.

Tana isa kasuwa sunan ya ɓace mata, girman kai kuma ya hana ta kira ni. Mai kayan miya ya ce, "Wane ganye, 'yata? Iri-iri ne."

"Baba, sauri nake. Ba ni wanda ya fi kyau."

Ya ɗaure mata alayyahu.

Ta dafa ta kawo da zafinsa. Ina buɗe kwanon na gane, amma ya riga ya miƙo hannu. Ya kai cokali baki, ya jujjuya, ya ajiye. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata. Na ƙoshi."

A baranda na gaya mata ba rama ta kawo ba. Ta koma kasuwa da gudu tana maimaita sunan a bakinta. Kafin ta gyara ta dafa ta dawo, ko ruwa ya daina haɗiyewa. Kwanon ya huce a ƙarƙashin gado, a rufe. Ni na zubar da ramar bayan an ɗauke gawarsa.

To ku riƙe wannan: kowace rama ganye ce, amma ba kowane ganye ne rama ba. Babban suna na hira ne. In mutum ya kira muku abu da ainihin sunansa, wannan abin yake so, ba ɗan'uwansa ba. In kun manta ku tambaya, tambaya ba ta rage tsawon kowa. Ke mai tambaya, share idonki. Ku tashi, kowa ya je ya kwanta, ku kashe min fitilar nan.