Madubin Malam Zunnuraini

A tashar motocin Maraɗi, bakin iyakar Jibiya, na lura da wani mutum da ake ɗura wa ruwa a baki. Hannuwansa na kan cinya, yatsun duk sun karkace. Na ji nauyin tambaya. Dattijuwar da ke kusa da ni a mota ce ta ba ni labarinsa.

An yi wani mutum a Jibiya mai sayar da fetur a kwalba. Maƙwabcinsa, Malam Zunnuraini, tsohon malamin firamare ne, yana da madubin hangen nesa mai ido biyu. Da shi yake duban jinjirin wata, da shi yake kallon taurari don sha'awa. Shekarar da tauraro mai wutsiya ya ɓullo ta yamma, jama'a suka riƙa taruwa a ƙofar gidansa bayan magariba, kowa ya leƙa ya yi tasbihi.

Da aka miƙa wa mai fetur madubin, sai ya kafa ido ya ce bai ga komai ba. Wata mata ta ce daga zaure, "Alhaji, ai baibai ka riƙe shi!" Aka fashe da dariya. Iyakar abin da aka yi masa ke nan.

Washegari a teburin mai shayi, mai fetur ya ce, "Ku kun yarda tauraro yake kallo? Mi ke yamma in ba daji ba? Su wa ke cikin dajin?"

Ya 'yan uwa, kun san abin da sunan infoman 'yan bindiga yake yi wa mutum a ƙasarmu. Kwana biyu, matasa suka jawo Malam daga gida, suka rufe shi da duka. Idonsa ɗaya ya tsiyaye. Ya tattara ya koma wurin 'yarsa a wani ƙauye. Cikin hargitsin, mai fetur ya zura madubin a aljihu.

Bayan mako guda ya kai fetur ƙauyen nan, magariba ta riske shi a bayan gari. Tauraron ya fara dusashewa, shi kaɗai ne a unguwa bai gan shi ba. Ya tsai da babur, ya ciro madubin, ya fuskanci yamma.

Masu gadin ƙauyen suka yi masa ƙawanya. Maganarsa ta riga shi isowa.

"Wallahi tauraro nake kallo!"

"Haka na Jibiya ma ya ce," in ji babbansu. Suka ɗora hannuwansa a kan kututture.

"Ku kira Malam Zunnuraini! Yana garin nan, madubinsa ne, ya san ni!"

Ku duba, ya 'yan uwa. Duk duniya mutum ɗaya ne zai iya wanke shi, shi ne wanda ya nakasa. Dariyar minti ɗaya ta kai a ɓata mutumcin bawan Allah? Wanda ya koya wa jama'a hukunci babu bincike, wa zai bincika masa ranar tasa? Ban ce masu gadin sun yi daidai ba, ban ce Malam ya yi daidai ba. Na ce ƙazafi ba ya tsayawa a kan wanda aka jefa. Allah ya kiyaye mu daga sharrin harsunanmu, amin.

An kira Malam. Ya zo da ƙyalle ɗaure a ido, ya tsaya a kan maƙwabcinsa.

"Malam, don girman Allah, ka gaya musu."

Malam ya daɗe yana dubansa da idon da ya rage. Sannan ya gyara hularsa, ya juya, ya kama hanyar masallaci.