Hatimin Magatakarda

An yi wani maƙeri, Cindo, da alƙali ya raba shi da filin maƙerarsa. Ranar cikar wa'adin ɗaukaka ƙara, ya kai takardarsa babbar kotu.

Magatakarda ya ce, "Baba, ba ma karɓar takarda marar hatimi."

"To buga mata, ranka ya daɗe."

"Sai wadda muka karɓa muke buga wa."

Cindo ya sosa gemu. "Na haƙura. Amma matata za ta ce wurin mai shayi na tsaya. Rubuta a jikinta cewa na zo ka ƙi."

Magatakarda ya yi dariya ya rubuta. Yadda ya saba, yana sa hannu ya danna hatimi.

Cindo ya ce, "Madalla. Ga ta da hatimi. Karɓi, ɗana."