Tsagar Malam Kabo a Allon Waya

Akwai wani saurayi a Khartum, Ƙasimu sunansa, yana da ɗan shago a kasuwar Suk al-Shabi inda yake yi wa 'yan kasuwa tallar zane mai motsi da kwamfuta. Gwani ne, ba ƙarya. Sai dai ya san shi gwani ne, to nan matsalar take.

Mahaifiyarsa Hajiya Hansatu tana unguwar Alshajara, idonta sai dushewa yake yi. Likita ya ce ganin nan tafiya yake, ba zai dawo ba. Mijinta Malam Kabo ya rasu tun suna aikin auduga a Jazira, kuma hotonsa ɗaya tal ya rage, na tsohon katin shaida.

Wata rana ta ce, "Ƙasimu, tunda kana sa kwalbar lemo ta yi rawa, ka sa babanka ya motsa mini mana. In gan shi kafin duhu ya rufe ni."

Ya ce, "Yumma," don haka ake kiran uwa a can, "wannan ai ƙaramin abu ne."

Ya zauna ya zuba gwaninta. Gonar auduga, magudanar ban ruwa, tsuntsaye, ga Malam Kabo yana tahowa daga nesa da fartanya, da tsagarsa ta Gobirawa siri-siri a kumatu. A ɗauke wuta, a dawo da ita, haka ya lallaɓa har ya gama.

Wayar Hajiya irin mai maɓallan nan ce, allonta bai wuce kwalin ashana ba. Dole ya sa kwamfuta ta fitar da fim ɗin ɗan ƙarami yadda wayar za ta iya ɗauka. Bai ko duba ba, ya ba ƙanwarsa Mawahib ta kai.

Da la'asar sai ga kiranta. "Yaya, Yumma ta ce wane ne wannan?"

"Kamar yaya wane ne?"

"Ta ce wani baƙo ne yake yawo a gonar mutane."

Ƙasimu ya buɗe aikin a babban allonsa. Ga babansa nan sak! Ya ce, "Idonta ne."

"Wallahi Yaya, ni ma ban gane shi ba."

"Ke yaushe kika san shi?" Ya kashe waya.

Amma kansa ya ɗaure. Ya ƙara haske, ya sake fitarwa, ya aika. Baƙo ne. Ya ƙara launi da tsuntsaye. Baƙo ne dai. Ya zargi wayar, ya zargi kwamfutar, har ya fara tunanin ko Mawahib wani fim take nuna mata daban. Ikon Allah! Abu ɗaya, shi yana ganin uba, su suna ganin baƙo. Duk wannan lokacin idon tsohuwa bai tsaya jiransa ba.

Da abin ya ishe shi ya hau mota zuwa Alshajara, da niyyar nuna musu kuskurensu. Hajiya ta miƙa masa wayar kawai.

Ya duba, ya sake dubawa. Fuskar babansa ba ta fi ƙwayar wake ba, sumul, tsagar nan duk ta narke wajen ƙanƙantar da hoton. Shi kansa da a hanya ya gamu da mutumin nan, wucewa zai yi. Kunya ta rufe shi.

Ya koma shago ya share gonar da yake taƙama da ita, ya share tsuntsayen. Ya jawo fuskar ta cika allo, ya kaurara tsagar kamar da gawayi aka ja ta. A babban allo abin ya yi muni har ba ya son kallo. Ya fitar, ya gwada a ƙaramar waya tukuna, sannan ya kai da kansa.

Hajiya ta kai wayar har bakin hancinta. Ta daɗe tana kallo. Ƙasimu ya ce a ransa shi ke nan, ya makara.

Can sai ta ja mayafinta ta rufe kanta, ta sunkuyar da ido, ta rage murya.

"Sannu da zuwa, Malam."

Darasi: In za ka yi wa mutum abu, ka duba shi daga inda shi yake zaune, kada ka tsaya kan yadda ya yi maka kyau. Kuma in an ce ba a gane ba, tashi ka je ka gani kafin ka ɗora wa wani laifi. Jama'a, ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda wata uwa take jira.