Jan Ƙyalle a Gidan Makoki

Akwai wani shugaban ƙauye a lardin Heilongjiang mai suna Tong Wanlin, irin mutanen nan da in sun gano 'yar dabara ɗaya sai gari ya gaji da jin labarinta.

Duk kaka, bayan girbin masara, tauraron ɗan Adam kan ɗauki hoton gonaki. Inda aka cinna wa kara wuta sai ya fito da jan ɗigo, a kira shugaban ƙauyen a wanke shi tas a gaban takwarorinsa. Ƙauyen da ba shi da ɗigo ko ɗaya kuwa, jan ƙyalle ake ba shi mai rubutun ruwan zinare. Ƙyallen nan ya tsaya wa Tong a rai.

Injin ɗaure kara, wanda ake amfani da shi maimakon ƙonawa, yana nan, amma sai an bi layi, shi kuwa a ganinsa ya wuce bin layi. Sai ya gano cewa tauraron ba ya ganin ƙasa in gajimare ya rufe. Wai shi nan ya yi basira.

Ranar da gari ya wayi a lulluɓe, ko ganye ba ya motsi, ya hau lasifika ya ce kowa ya fita ya ƙona karansa.

Matarsa Shulan tana danna kabeji a randa, ta ce, "Tsoho, dubi hayaƙin murhunmu, kwanciya yake yi, ba ya tashi. Ka kuma san ƙirjin Mama. Bari mu kai ta gidan ƙanwarka tukuna."

"Kafin a je a dawo gajimaren ya watse. Ke dai ji da kabejinki, ki rufe taga."

Ya tafi bakin gona, ya riƙe ƙugu, yana ɗaga kai sama yana cewa mai idon nan na sama ya gan shi mana in ya isa. 'Yan korensa suna ta dariya. Abin takaici, dattijo da furfura.

Gajimaren da ya ɓoye wutar shi ya danne hayaƙin, ya kwanta a kan ƙauyen kamar murfin tukunya. Kafin la'asar numfashin tsohuwa, mahaifiyar Tong, ya sarƙe. Aka sa ta a mota, amma direba ba ya ganin gabansa, sai rarrafe yake yi. Ta kama hannun ɗanta, ta kira shi da sunan yarinta.

"Na-biyu, buɗe mini taga."

Bai buɗe ba, don ya san abin da ke waje. Ba ta kai asibiti ba.

Ana cikin zaman makoki, kowa da fararen kaya, sai ga jami'an gunduma da ganguna, ba su da labari. Babbansu ya ce hoton ƙauyen ya fito fes, ya miƙo jan ƙyallen. Ja kuwa a al'adarsu ba ya shiga gidan mutuwa, kowa ya sani. Tong ya tsaya yana kallon ƙyallen, bai karɓa ba.

Shulan ta dube shi sama da ƙasa.

"Karɓi mana, Shugaba. Ai ba a gan ka ba."

Darasi: Dokar da kake wa wayo, wataƙila naka aka kafa ta don ta kare. Ɓoye laifi ba ya hana shi ɓarna, kuma na kusa da kai yake fara ci. Ku tura wa duk wanda ya ɗauki zille wa doka a matsayin basira.